Yadda ake bibiyar juriyar fari a ganyen itatuwan ƙasashen sanyi

Ganyen da ya buɗe a watan Mayu a dajin Jamus ko na jihar New York, in aka koma masa a watan Agusta, ba za a same shi da irin ƙarfin da aka bar shi da shi ba wajen jure ƙishirwa. Bishiya ɗaya ce, reshe ɗaya ne, amma awo biyu zai ba da lamba biyu. Shi ya sa duk wanda ya ce juriyar bishiya kaza ita ce kaza, alhali bai faɗi ranar da ya yi awon da kwanakin ganyen ba, rabin zance ya yi. Ga yadda ake bin wannan sauyi tun daga fashewar toho har ganye ya fara rawaya.

Abin da ake aunawa

Ƙwayar ganye da ruwa take tsaye, kamar tayar keke: bangon ƙwayar shi ne taya, siririyar fatar ciki ita ce tib, ruwa kuma ya maye gurbin iska. Ruwan nan ba tsurarsa ba ne. Akwai sukari da fotasiyam da wasu sinadarai narke a cikinsa, su ne ke jawo ruwa ya shigo ya tokare bango. Ƙasa na bushewa, ganye na rasa ruwa, matsin ciki na raguwa, har a kai inda ya koma sifili. Nan ne matakin yaushi. Kafin a kai nan, ƙofofin numfashin ganye sun rufe ko sun kusa rufewa, girma ya tsaya, haɗa abinci ya ja baya.

Abin da ake aunawa shi ne ƙarfin da ganye ke jan ruwa da shi a daidai wannan mataki. Da megafaskal, wato ma'aunin matsi, ake auna shi, a rubuta MPa, kuma lambar kullum ƙasa da sifili take. Gwargwadon nisanta da sifili, gwargwadon dauriyar ganyen: wanda ke yaushi a −3.0 ya fi na −1.8 haƙuri da fari. Tazarar da ke tsakanin itatuwa ba ƙarama ba ce. Henrik Sjöman da Andrew Hirons da Nina Bassuk sun auna iri 27 na dangin Acer, wato dangin bishiyar da ganyenta ke kan tutar Kanada, suka buga sakamakon a 2015. A tsakiyar lokacin zafin can, wanda ke kamawa daga Yuni zuwa Agusta, Acer spicatum ya tsaya a wajen −1.6, shi kuwa Acer monspessulanum, na yankin Bahar Rum, ya kai wajen −4.3.

Me ke motsa lambar

Abubuwa uku ne, kuma aikin duka shi ne a rarrabe su.

Na farko girman ganyen kansa. Sabon ganye ruwa ne fal, bangon ƙwayoyinsa siriri ne, kuma bai fara haɗa abincin da zai ishe shi ba, daga ajiyar bishiya yake ci. Yana ƙosawa yana tara sukari, bango na kauri, lambar na gangarowa. Wannan yana faruwa ko da ruwan sama bai tsallake mako ɗaya ba. Nan ne masu fara aikin suka fi ruɗuwa: su ga lambar ta sauka tsakanin Mayu da Yuli, su rubuta cewa bishiyar ta saba da fari, alhali ganyen ne kawai ya manyanta.

Na biyu martanin bishiya ga farin da kansa. In ƙasa ta bushe a hankali, ganye yana ƙara tara sinadarai domin ya riƙe matsin ciki. Kowane dangi da abin da ya fi tarawa: tuffa da 'yan uwanta sobitol, dangin Fraxinus (ash da Turanci) manitol da malet, dangin Quercus (oak) kuma kwasitol. Amma kada a ɗora wa wannan dabara buri da yawa. Megan Bartlett da abokan aikinta sun haɗa alkaluman tsirran daji 283 a 2014, suka samu cewa a matsakaici fari yana sauke matakin yaushi da 0.44 MPa ne kawai, kimanin kashi 16 cikin 100 na lambar da ake samu bayan farin. Ma'ana, bishiya mara juriya ba ta rikiɗewa ta zama mai juriya a shekara guda. Kuma tunda abin da ake farauta bai kai rabin megafaskal ba, ɗan sakaci wajen awo ya isa ya haɗiye shi.

Na uku ƙarshen shekara. Masu zubar da ganye suna janye sinadarai masu amfani daga ganye zuwa reshe kafin ya faɗi, sai lambar ta rikice. Masu ganye duk shekara, irin su dangin Pinus (pine) da Picea (spruce), suna tara sukari in sanyi ya shigo domin kare kansu daga ƙanƙara, sai lambar ta sauka a watan Janairu ba don wani fari ba.

Tsara ranakun awo

A fara ƙirga daga ranar da toho ya fashe a kowace bishiya. Kalandar bango ba ta wadatar ba, domin itatuwa biyu a fili ɗaya na iya saɓawa da mako biyu ko uku wajen fitar ganye. Wanda ya san gawo, da ke zubar da ganye da damina ya fitar da rani, ya san kowace bishiya da nata lissafin watanni. A tsakiyar Turai, itacen Fagus sylvatica (beech) yana buɗe ganye ne daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, ya zubar a Oktoba zuwa Nuwamba. A kudancin duniya, kamar Chile da New Zealand, sai a juya watannin.

A makonni shidan farko, lokacin da sauyi ya fi sauri, a riƙa awo kowane kwana 10 zuwa 14. Daga nan kowane mako uku ko huɗu ya isa. In aka shiga fari, a ƙara awo biyu: ɗaya a tsakiyarsa, ɗaya kuma mako ɗaya ko biyu bayan an yi ruwa mai ƙarfi, don a ga ko lambar tana komawa inda take.

A zaɓi itatuwa biyar zuwa takwas daga kowane iri, a ɗaura musu lamba, a riƙa komawa gare su su dai. Ganye biyu daga kowace bishiya ya wadatar, a haɗa su a raba biyu. Ganye 20 daga bishiya ɗaya, bishiya ɗaya ce aka auna. Haka nan a tsaya a kan tsayi ɗaya da ɓangare ɗaya na bishiyar, zai fi kyau ɓangaren da ke shan rana, wanda a arewacin duniya shi ne na kudu. Ganyen rana ya fi na inuwa tara sukari, kuma bambancinsu na iya kaiwa girman sauyin da ake nema. In yau an ɗauko na sama da doguwar sanda, wata mai zuwa aka miƙa hannu aka tsinko na ƙasa saboda gajiya, an ɓata layin duka.

Dangin Quercus suna da wani tarko: sukan sake toho na biyu a tsakiyar lokacin zafi, wajen Yuli zuwa farkon Agusta. Ganyen bakin reshe a lokacin jariri ne. A ɗaura zare a reshe tun farkon shekara a daidai inda tohon farko ya tsaya, a riƙa ɗaukar ganyen da ke bayan zaren.

Yanko reshe da shayar da shi

A yanko reshe mai tsawon santimita 40 zuwa 60 da yamma liƙis, a jefa shi nan take cikin baƙar leda da aka saka jiƙaƙƙen tsumma a ciki, a ɗaure, a sa a kula. Ga Quercus da Fraxinus a yanko wanda ya fi haka tsawo, domin bututun ruwansu dogaye ne, iska tana shiga da nisa. A ɗakin gwaji a tsoma gindin reshen cikin bokitin ruwa, a sake yanke aƙalla gaɓa biyu da reza ko almakashi mai kaifi, yankan yana cikin ruwa. In aka yanka a fili, iska ta toshe bututun, reshen zai kwana cikin ruwa bai sha ba. Sai a tsayar da shi cikin tataccen ruwa, ganyen kada ya taɓa ruwan, a rufe da leda, a ajiye a wuri mai duhu da sanyi-sanyi ya kwana.

Manufar ita ce kowane ganye ya cika taf kafin awo, don kada a gauraya abu biyu: ganyen da ya tara sinadarai da gaske, da wanda ruwansa ya yi kauri kawai saboda ya bushe. Da safe a gwada ganye ɗaya a tukunyar matsi, wato na'urar da ake matsa ganye da iska a cikinta don a auna ƙishirwarsa. In bai kai kusa da sifili ba, misali ya wuce −0.3 MPa, reshen bai sha ba, a ajiye shi gefe.

Tsawon shayarwar ma yana da tasiri. Mark Kubiske da Marc Abrams sun nuna tun 1991, a kan itatuwan ƙasashen sanyi huɗu, cewa shayarwa na iya sauya sakamako, kuma girman sauyin ya danganta da wuri da lokacin shekara da tsananin fari. Maganin shi ne a tsayar da awanni ɗaya, a ce 12, a riƙe su tun awon farko har na ƙarshe. Reshen da ya yi kwana biyu a duhu ya cinye sukarinsa.

Awo da osmomita

Wannan ita ce hanya mai sauri, wadda Bartlett da Lawren Sack da sauran abokan aikinsu suka fito da ita a 2012. Ana bukatar osmomita mai auna tururi, wato na'urar da ke nuna yawan sinadaran da ke narke a ruwan ganye, irin VAPRO 5520 ko 5600, da ruwan naitirojin, da takardar alminiyam, da hantsaki mai tsini, da ƙarfen huji mai zagayen baki na milimita 8.

A kunna na'urar tun da wuri ta daidaita da zafin ɗakin, nesa da taga da iskar fanka ko ta na'urar sanyaya ɗaki. A saita ta da ruwan gwaji uku, na 290 da 1000 da 100 milimol a kilo (ma'aunin yawan sinadaran da ke narke a ruwa), a wannan jerin. In ta ƙi karanta na 100 daidai, yawanci bakin da ke jin tururin ne ya yi datti, sai a wanke shi kafin a taɓa ganye ko ɗaya.

A ciro ganye daga leda, a share shi in da danshi a kansa, a huda zagaye ɗaya daga tsakiyar faɗinsa, tsakanin jijiyar tsakiya da gefe. A kauce wa manyan jijiyoyi, domin ruwan cikinsu tsinkakke ne, zai sirka na ƙwayoyin ya sa ganyen ya fito kamar mara juriya. A naɗe zagayen da takardar alminiyam, a tsoma cikin ruwan naitirojin na minti biyu. Daga buɗe leda zuwa tsomawa kada ya wuce daƙiƙa 30. Daskarewar ce ke fasa fatar ƙwayoyin, ruwansu ya fito. Ruwan naitirojin yana kan −196 a ma'aunin Salshiyos, don haka safar hannu mai kauri da tabarau na kariya dole ne, ɗakin ya zama mai shan iska, kuma ba a taɓa toshe shi a kwalba mai murfin ɗauri.

A ciro, a warware, a soka zagayen sau 10 zuwa 15 da bakin hantsaki, a sa cikin kwanon na'urar a rufe. A nan hannu ya yi sauri. Zagayen yana fitowa da sanyi ƙwarai, in ya daɗe a fili raɓa za ta kwanta masa ta sirka shi. In kuma ya narke ya zauna, ruwansa zai tashi ya yi kauri. Kuskure biyu ne masu jan lamba gabas da yamma, kuma babu mai gyara ɗan uwansa.

Kada a buɗe kwanon. A bar shi kamar minti 10, sannan a riƙa karantawa a jere har bambancin karatu biyu ya gaza milimol 5 a kilo. Na ƙarshen shi ne lambar. Ganye mai kauri da fata mai sheƙi yana ɗaukar lokaci fiye da mai laushi; in aka tsaya da wuri, an rubuta lambar da ba ta gama sauka ba. A goge kwanon da tataccen ruwa a busar da shi tsakanin kowane ganye.

Lissafi

Na'urar tana ba da milimol a kilo. A zafin 25 na ma'aunin Salshiyos, kowane 1000 daidai yake da −2.48 MPa, a zafin 20 kuma −2.44, don haka a rubuta zafin ɗakin. A ce ganye ya ba da 800. Sau 2.48 a raba da 1000, an samu −1.98. Ƙa'idar Bartlett ta ce a ninka wannan da 0.832, sannan a ƙara sauka da 0.631. Matakin yaushi ya zama −2.28. In ganyen bishiyar nan ya ba da 500 a watan Mayu, lissafinsa −1.66 ne, ke nan ya sauka da kimanin 0.6 a tsakani.

Sjöman da abokansa sun yi amfani da wata ƙa'idar da aka fitar daga itatuwan ƙasashen sanyi zalla: a ninka da 1.1243, a ƙara sauka da 0.2554. Ganyen nan mai 800 zai ba da −2.48. Tazarar 0.2 ke nan daga zaɓin ƙa'ida kaɗai, kusan rabin matsakaicin sauyin da fari ke kawowa. A zaɓi ɗaya a riƙe ta har ƙarshe, kuma kullum a ajiye ainihin lambar na'urar kusa da wadda aka lissafa, domin wani ya iya sake lissafin da tasa ƙa'idar.

Tabbatarwa da tsohuwar hanya

Waɗannan ƙa'idoji da ƙosassun ganyaye aka gina su. Jaririn ganye, mai siririn bango, ba lallai ya bi layin ba, kuma shi ne farkon abin da ake son bibiya. Saboda haka yana da kyau sau uku a shekara, farko da tsakiya da ƙarshe, a auna ganye biyar ko shida da tukunyar matsi, wadda Per Scholander ya yaɗa a 1965, bisa tsarin da Melvin Tyree da Harold Hammel suka shimfiɗa a 1972.

A yanke ganyen da ya sha ruwa da reza, yanka ɗaya mai santsi, a auna nauyinsa a sikeli mai karanta 0.0001 na giram. A sa shi cikin tukunyar, karansa ya leƙo ta robar murfi, a saki iskar naitirojin a hankali, kimanin 0.025 MPa a daƙiƙa, ana kallon bakin yankan da gilashi mai ƙara girma daga gefe. Ba a ɗora fuska a saman murfin, don karan na iya harbowa. Da zarar danshi ya bayyana a bakin yankan, a tsaya a rubuta. A sauke matsin a hankali, a ajiye ganyen a tebur ya ɗan sha iska, a sake auna nauyi da matsi. Ana son tazarar 0.2 zuwa 0.3 MPa tsakanin awo da awo. A ƙarshe a busar da shi a zafin 70 na awa 48 ko fiye, a auna busasshen nauyi.

A zana jadawali: a kwance yawan ruwan da ya rasa cikin 100, a tsaye kuma 1 a raba da matsin. Layin zai fara da lanƙwasa, sannan ya miƙe. Inda lanƙwasar ta ƙare, nan ne matakin yaushi, kuma sai an samu ɗigo huɗu ko biyar a miƙaƙƙen ɓangaren kafin a yarda da shi. In a farkon awo nauyi yana raguwa amma matsi bai motsa ba, ruwa ne ya cika sararin da ke tsakanin ƙwayoyi saboda yawan shayarwa. A cire waɗannan ɗigogin, in ba haka ba lissafin ruwan duka zai karkace. Karan sabon ganye yana murƙushewa a robar murfi, don haka a yi amfani da roba mai laushi, ko a sa ɗan guntun reshe gaba ɗaya. Aikin yana cin wuni guda, wani lokaci biyu, shi ya sa ba a yin sa kowane zuwa.

Raba girma da fari

Lambar ganye kaɗai ba za ta faɗi dalilin saukarta ba. Dole a san irin ƙishirwar da bishiyar take ciki a ranar. Kafin fitowar alfijir, a tsinki ganye a auna shi a tukunyar matsi ba tare da shayarwa ba. Wannan yana nuna danshin ƙasar da saiwa ke ciki. Da tsakar rana a sake, amma a sa ganyen cikin leda tun yana jikin reshe kafin a yanke, domin a buɗe yana bushewa cikin daƙiƙoƙi. Tazarar da ke tsakanin awon tsakar rana da matakin yaushi ita ce sararin da ya rage wa ganyen. Bishiya mai −2.3 da ke kaiwa −2.2 kowace azahar ta fi shiga haɗari a kan mai −1.9 da ba ta wuce −1.2.

Abin da ya fi komai warware matsalar shi ne rukunin kwatanci. A raba itatuwan biyu, a riƙa shayar da rabi, a bar rabi. Saukar da aka gani a waɗanda ake shayarwa ta girma ce. Abin da ya ƙaru a kai a waɗanda aka bari, shi ne na fari. Manyan gwaje-gwaje a kan wannan suke tafiya. A dajin Kranzberg kusa da Freising a Jamus, an yi wa filayen Fagus da Picea rufin da ke tare ruwan sama daga 2014 zuwa 2018, aka sake shayar da su a 2019. A dajin Pfyn na Suwizalan kuwa akasin haka ake yi, ana shayar da wani ɓangare na itatuwan Pinus sylvestris tun 2003. Wanda ba shi da daji zai iya yi da dashe a tukwane, amma ya busar da su a hankali cikin makonni, yana auna nauyin tukunya yana mayar da wani kaso na ruwan da ya tafi. Tukunyar da ta bushe cikin kwana uku ba ta ba ganye lokacin tara komai ba, sai a ce irin ba ya martani, alhali tsarin gwajin ne ya hana shi.

Shekara ɗaya ma ba ta isa a yanke hukunci ba. Turai ta ga fari mai tsanani a 2003 da 2018 da 2022, kuma a 2018 ganyen Fagus a sassan Suwizalan da Jamus ya ƙone ya zube tun daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta. Wanda ya yi awo a irin wannan shekara, da wanda ya yi a shekara mai ruwa, ba labari ɗaya za su bayar ba. Akwai kuma ruɗin da zubar ganye ke kawowa: in rabin ganyen ya faɗi, waɗanda suka rage su ne masu ƙarfi, sai matsakaicin lamba ya nuna kamar bishiyar ta ƙara juriya. Don haka a riƙa ƙiyasta yawan ganyen da ya rage a kowane zuwa, a rubuta kusa da lambar.

Mai zaɓen itatuwan da za a dasa a bakin titi ya kwatanta iri da iri da lambobin tsakiyar lokacin zafi, na ƙosasshen ganyen rana, waɗanda aka ɗauka a mako ɗaya. Lambar Mayu kuma tana da nata amfanin: tana nuna irin da farin farkon shekara zai fi cutarwa. Ya kuma tuna cewa ganye kaɗai aka auna. Zurfin saiwa, saurin rufe ƙofofin numfashi, da ƙarfin bututun ruwa na cikin itace duk suna wajen wannan awo, kuma dangin Betula (birch) da Populus (poplar) sukan tsira daga fari ne ta hanyar zubar da ganyen tun da wuri.

Da zarar launin ganyen ya fara juyawa a Satumba ko Oktoba, a dakatar da osmomita. Abin da za ta karanta daga nan janyewar sinadarai ne zuwa reshe, kuma ƙa'idojin lissafin ba su shafi irin wannan ganye ba. A rubuta ranar da rawayar ta fara a kowace bishiya, a bar lambobi da zaren a jikinsu domin shekara mai zuwa.